Malamar asibiti ba a yi mata ta'aziyya

Yayata malamar asibiti ce, ta fi shekara goma tana aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye nan jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, irin wanda a takardar gwamnati ake kira CSI, ɗakuna huɗu da baranda da firij ɗin rigakafi guda mai aiki da sola. Sunan garin ba sai na faɗa ba. Wata ranar kasuwa bayan magariba aka kawo mata mutum a kan moto, mutum biyu sun sa shi tsakiya, an tare shi a hanyar dawowa daga sayar da shanu an sassare shi an kwashe kuɗin. Sai da ta haska tocila a fuskarsa ta ga ashe maƙwabcinta ne, katanga ɗaya ta raba su, haihuwar matarsa uku duk ita ta karɓa. Ta ɗaure inda zata iya ɗaurewa, ta sa masa ruwa leda biyu, ta yi ta kiran motar asibitin gunduma, kafin motar ta iso rai yayi halinsa a hannunta. Washegari ita ta wanke jinin da ke siminti da kanta, ƙarfe takwas ta buɗe ƙofa saboda ranar awon ciki ce mata suna zaune a baranda suna jira. Gari duka ya tafi zaman makoki, kowa yana yi wa iyalin gaisuwa yanda ya kamata, amma ita ko mutum ɗaya bai ce mata sannu ba, sai ma wata magana da ta dawo kunnenta bayan sadakar uku, wai da dokta ta yi sauri da bai mutu ba.

Tun daga lokacin nake so in zauna in warware wannan abin, dan mu a nan idan aka yi kisa lissafinmu yana tsayawa ne a kan gawa da wanda ake zargi, alhali ɓarnar tana ci gaba da tafiya cikin gari wata da watanni, kuma duk inda ta bi sai ta biyo ta ƙofar asibiti.

Mu fara da daren kansa. Babban mutum jinin jikinsa wajen lita 5 ne, in ya zubar da kamar lita 2 ba a mayar ba to rayuwarsa na kan siraɗi, kuma sara ko harsashi in ya samu babbar jijiya wannan zubar a cikin mintoci take faruwa. Ruwan da ake ɗaurawa a leda yana ɗan riƙe mutum ne kawai, ba ya ɗaukar iska zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya kamar yanda jini ke yi. Abinda mai irin wannan rauni yake buƙata jini ne da ɗakin tiyata, su kuma biyun nan babu su a CSI, tsarin ma ba haka aka gina shi ba, CSI na zazzaɓi ne da haihuwa da rigakafi da ƙananan ɗinki, sama da shi akwai CMA mai ɗan girma, sai asibitin gunduma, sai babban asibitin jiha kamar na Marwa ko Garwa ko Ngaundere. Toh kaga mai rauni sai ya hau wannan tsani mataki mataki jininsa na zuba. Daga Mora zuwa Marwa wajen kilomita 60 ne, daga Mora zuwa Kusiri ta Dabanga kuwa kusan 200, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar nan da damina yasan kilomita a takarda daban a ƙasa daban. Ga shingayen jami'an tsaro, ga dokar hana yawo da moto da dare da aka sa a yankunan kan iyaka tun lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, dokar tana da dalilinta ban musa ba, amma moto shine motar asibitin talaka, ɗan kilando, wato mai haya da moto, in yasan zai kwana a hannu saboda ya ɗauko mutum jina-jina sai yayi ta jan ƙafa. In an isa ma tsugune bata ƙare ba, yawanci sai dangi sun kawo mai bada jini, a gwada rukuninsa, a gwada shi kan ƙanjamau da ciwon hanta da sauransu, a sayi kayan aiki a farmasi, wanda aka yi wa fashi kuma dama kuɗin nasa ne aka tafi da su. Duk wannan malamar ƙauye ta sani tun lokacin da ta ɗora hannunta a kan raunin, ta san abinda zai cece shi kuma ta san baya ɗakin, dangi da ke tsaye a taga su kuma farar riga kawai suke gani, a wajensu duk mai farar riga dokta ne kuma dokta ai ya kamata ya iya.

A babban gari wanda ya mutu a hannunka baƙo ne, kayi baƙin ciki ka rubuta a rajista ka wuce gado na gaba. A ƙauye da shi kuke sahu ɗaya a masallaci, matarsa zata shiga takaba wata huɗu da kwana goma a gidan da kake jin kukan yaransa ta kan katanga, ɗansa zai zo maka da zazzaɓi bayan sati biyu ya kalle ka. Yayata tace min abinda ya fi mata ciwo shine ranar da ta shiga gaisuwa, matar ta riƙe hannunta tace "Yaya, yayi magana kafin ya cika?" Kuma yayi, amma abinda ya faɗa ba irin wanda ake maimaitawa a ɗakin makoki bane.

Nan ne maganar ta ke ƙara nauyi. Mu Hausawa mun ce sai da ɗan gari akan ci gari, kuma ba wanda ya kai mutanen ƙauye sanin gaskiyar karin maganar nan. Waye yasan ya sayar da shanu ranar? Waye yasan hanyar da zai bi, da lokacin? Tun zamanin zargina masu tare hanya, waɗanda saboda su ne ma aka kafa rundunar sojan da ta zama BIR, har zuwa masu garkuwa da mutane na yanzu da suka addabi makiyaya a Adamawa da Mayo-Rey da can Mayo-Kebbi ta ɓangaren Chadi, kowa ya san ba sa zuwa da ka, akwai mai basu labari, kuma mai bada labarin nan yana cin tuwo da mu. To da zarar an yi kisa sai zargi ya shiga gari kamar hayaƙi. Dillalin da ya shiga tsakani a cinikin, yaron da yake yawan zama tashar moto yana shan tiramol, baƙon da ya zo bara ya kama haya, ɗan uwan da suka yi rigimar gado, kowa sai a dinga masa kallon gefe. Majalisar dare ta watse, mai shayi ya fara rufewa da wuri, mutum ya sayar da akuya ma sai ya ɓoye wa ƙaninsa, adashi ya tsaya dan ba mai son a san ranar kwasarsa. Ƙaramin gari da amana yake tafiya, bashi ba takarda, ajiya ba shaida, yaro yaci abinci a kowane gida, in wannan ta tsage to komai sai ya ƙara tsada har gaisuwa. In kuma aka yi rashin sa'a wanda ake zargi wata ƙabila ce daban, to lamarin ya tashi daga laifin mutum ɗaya ya koma namu da nasu. Mun ga yanda abin ya kasance a Logone-Birni a 2021, rigima kan ruwa tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma Musgum, a watan Agusta sannan ta sake tashi a Disamba har ta kai Kusiri, ƙauyuka suka ƙone, dubban mutane suka tsallaka kogin Logone zuwa Chadi. A irin wannan rana asibiti ɗaya ne, masu rauni na ɓangare biyu duk nan za a kawo su, wani lokacin gado na kallon gado.

Malamin asibiti yana tsakiyar wannan zargin ne saboda ya san abubuwa. Shi ya ji kalmar ƙarshe. Shi ne wanda wani saurayi zai zo wa bayan kwana biyu da yanka a tafin hannu yace lauje ne, shi kuma ya ga yankan bai yi kama da na lauje ba. Aikinsa ya ɗora masa riƙe sirrin majinyaci, jandarma kuma zasu zo da tambaya, dangin mamaci zasu zo da tasu da daddare, masu laifin ma suna nan cikin gari suna lura da wanda ya shiga ofishin jandarmomi da wanda ya fito. Gaba kura baya sayaki. Yayi magana ace shi ya tona, gidansa kuma ba katangar kirki ba maigadi, yayi shiru ace an saye shi.

Akwai kuma wata takarda da mutane da yawa basu san nauyinta ba sai abin ya same su, takardar shaidar rauni da likita ke cikawa a kai kotu. A dokar hukunta laifuka ta Kamaru yawan kwanakin da rauni ya hana mutum aiki yana cikin abinda ke raba laifi da laifi, wanda ya wuce kwana 8 zuwa 30 matakinsa daban, wanda ya haura kwana 30 hukuncinsa ya fi tsanani. Kaga kenan lambar da likita zai rubuta da biro tana iya ƙara wa mutum zaman kurkuku ko ta rage masa. Sai dangin wanda aka ji wa ciwo su zo suna dokta ka ƙara kwanaki, dangin wanda yayi su aiko dattijo da goro yana dokta a rufa asiri duk ɗaya muke, kuma duka biyun mutanensa ne, wani surukinsa wani malaminsa na allo. In an mutu kuma ga gaggawar mu ta binne mamaci wadda addini ya koyar, ga hukuma tana son a duba gawa a rubuta musabbabin mutuwa kafin a kai makwanci, wanda zai tsaya a ƙofa yace ku dakata tukuna shine dai mai farar rigar nan, shi zai sha harara. Sau tari ma kafin takarda ta isa ko'ina masu gari, lawan da jauro, da limamai sun zauna an yi sulhu, a Chadi kuwa maganar diyya tana da ƙarfi sosai tsakanin al'ummomi da dama. Ni ban raina sulhu ba, ya kashe wutar da kotu bazata iya kashewa ba, amma sulhun da aka yi shi dan a binne magana ba tare da an san wanda yayi ba, zargin yana nan kwance a ƙasa.

Sai ranar da za a kawo wanda ake zargin kansa, jama'a sun kama shi sun yi masa dukan kawo wuƙa, 'yan sintiri sun jawo shi zuwa baranda. Malamin asibiti dole ya ɗinke shi, haka aikin yake, ba shi bane alƙali, kuma sau nawa aka daki mutum daga baya ta bayyana ba shi bane. Amma ka gwada faɗin haka ga mutanen da suka binne ɗan uwansu shekaranjiya. Zasu ce ga wanda ya bar namu ya mutu yana lallaɓa ɓarawo. Ta ɓangaren hukuma ma abin ba sauƙi, tun da aka yi dokar yaƙi da ta'addanci a Disamba 2014 ma'aikacin lafiya a yankin rikici yana tunani sau biyu kafin ya taɓa mai raunin harsashi da bai san shi ba. A can jihar Kudu Maso Yamma an tsare ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF a ƙarshen 2021 bayan motarsu ta ɗauko wani mai raunin bindiga, sun yi watanni a tsare kafin kotun soja ta wanke su. Labarin ya iso kunnen kowane nas a ƙasar nan.

Wanda yake Marwa a Yulin 2015 ba sai an bashi labari ba. Ranar 22 ga wata yara mata biyu suka tashi bam, ɗaya a babbar kasuwa ɗaya a Barmare, unguwar da Hausawa suke da yawa, mutum fiye da 10 suka rasu, bayan kwana uku aka sake a unguwar Pont Vert aka rasa kusan 20. Njamena ma ta ga nata a watan Yuni da Yuli na shekarar. Masu aikin asibiti a ranakun nan suna karɓar masu rauni ne suna duba fuska ko ɗan gidansu ne, wayarsu na ta ƙara a aljihu ba halin ɗauka, kuma a irin wannan cunkoso dole a zaɓi wanda za a fara da shi, wanda ake ganin zai rayu in an yi sauri shi ake ɗauka, wanda ya riga yayi nisa a bar shi da addu'a. Ka yi tunanin yanke wannan hukuncin a kan mutanen unguwarku. A Yulin nan ne aka hana sa niƙabi a jihar, aka fara caje mutane a ƙofar kasuwa da masallaci, yarinya mai talla ta zama abin tsoro, wallahi wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yanda laifi ke canza idon da mutane ke kallon juna da shi.

Daga baya ma abin ya zo kan masu aikin lafiyar kai tsaye. A Fabrairun 2022 aka sace ma'aikatan MSF 5 a Fotokol, sai ƙarshen Maris aka sako su. A Yulin shekarar aka kai hari asibitin Mada a Logone da Shari, asibitin da yankin gabar tafkin Chadi gaba ɗaya ya dogara da shi wajen tiyata, har aka rufe shi na wani lokaci. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da ƙuduri mai lamba 2286 tun 2016 kan kare asibitoci da ma'aikatansu a wuraren rikici, magana ce mai kyau, amma malamar da ke kwana ita kaɗai da fitilar sola abinda ta sani shine ƙofarta ta langa-langa ce.

Abinda ke biyo baya ba a ganinsa a labarai. Malamin da aka turo daga kudu ya nemi canjin wajen aiki, ko ya tafi hutu bai dawo ba, kuma ni bana ganin laifinsa, yana da 'ya'ya. Wanda ya rage ya daina kwanan gadi, asibiti ya koma na rana kawai. Naƙuda kuwa bata san rana ba. Matar da ta sayi cek sante ɗinta, wato katin awo da haihuwa, jaka 6 tun cikin yana ƙarami dan ta haihu a asibiti, sai ta haihu a gida saboda ba mai fita da dare, jini ya ɓalle ba mai tsayarwa. Fita rigakafi ƙauyukan nesa ya tsaya, ƙyanda ta samu hanya. Damina ta zo da zazzaɓin cizon sauro yara suna suma ana jiran gari ya waye. Mutum ɗaya aka sara a hanya, amma in da za a bi sawu a ƙirga waɗanda suka tafi a sanadin daren nan da an sha mamaki, sai dai su ba a rubuta su a matsayin waɗanda aka kashe, ana cewa ne kwana ya ƙare.

Wani ɓangaren da bakinmu ke nauyin faɗa shine fyaɗe, dan sau da yawa yana tafe tare da fashi da garkuwa. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Amma a garin da mai sayar da kati a asibiti ƙanin mijin yayarki ne, wace yarinya ce zata tako? Sai a rufe ta a ɗaki ana kare sunan gida har kwanakin su wuce. Yayata ta kan bi irin waɗannan gidajen da kanta bayan isha'i da magani a cikin hijabi kamar ta je gaisuwa, ta fito ta haɗiye abinda ta gani, ko mijinta bata faɗa wa.

Duk wannan haɗiyar tana da inda take taruwa. Bayan rasuwar maƙwabcin nan Yaya ta yi wajen wata biyu bata barcin kirki, ƙarar moto da dare sai ta miƙe zumbur, warin jini take ji a hannunta ko ta wanke da omo sau nawa, ta daina cin nama, ta koma faɗa da yara kan abinda bai kai ya kawo ba. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan ciwon, firgici ne da ke biyo bayan mummunan abu, yana kama soja yana kama wanda ya tsira yana kama mai jinya, kuma yana da magani, wani da magana da wanda ya iya sauraro wani harda ƙwayoyi. Mu kuma abinda muke cewa shine ai sun saba. Wa ya faɗa mana ana sabawa? Zuciya bata da ƙashi. Masu duba irin wannan ciwo 'yan kaɗan ne a arewa, yawanci sai manyan garuruwa ko inda ƙungiyoyin agaji suke kamar sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, kuma ko suna kusa malamin asibiti kunya yake ji ace shi ne ke neman taimako, gani yake in aka ji to wa zai sake yarda da allurarsa. Tawakkali da addu'a sun riƙe ta, ni shaida ne, amma ranar da ta fara samun sauƙi ita ce ranar da limamin unguwa ya aiko matarsa takanas ta zauna da ita tace "Malama, Liman yace a gaishe ki da ƙoƙari, yace abinda kika yi daren nan Allah ya gani." Kuka ta yi sosai ranar, irin wanda bata yi ba tun ranar da abin ya faru.

Bayan sadakar arba'in samarin unguwa suka yi wani abu da nake ganin ko'ina za a iya yi ba sai an jira Yawunde ba. Suka je asibitin gunduma aka gwada rukunin jinin duk wanda ya yarda, aka rubuta a littafi ɗaya yana hannun Yaya ɗaya yana hannun ladan. Aka ware masu moto biyu da lawan ya kai sunansu wajen jandarma dan in sun fito da dare da majinyaci a san da su. Aka ce duk mai ƙorafi kan asibiti ya kai wa lawan, kar wanda ya sake zuwa ƙofar gidan malama da dare. Mutum biyu cikin 'yan sintiri suka koma kwana a barandar asibitin.

Wanda ya kashe maƙwabcin namu har yau ba a kama shi ba. Yaya ta rubuta takardar neman canji zuwa Marwa tun a watan farko, tana nan cikin jakarta a ninke bata kai ba, na tambaye ta ranar sallah tace ƙanena bari dai matar nan ta gama takaba ta haihu tukuna, dan ya rasu ya bar ta da ciki wata uku kuma tace ba mai karɓar haihuwar sai ita.